Me ya sa shafin shinkafata ba ya fitowa a Google?

Malam, ka ce ka buɗe shafin sayar da shinkafa a Birnin Kebbi, amma in an bincika ba a ganinsa. Fara da Google Search Console, wato shafin da Google ya tanada wa masu shafuka don duba yadda nasu ke fitowa a bincike, kyauta ne. A can za ka gane ko Google ya ma san da zaman shafin.

Sai kalmomi, nan ne aikin yake. Mai saye daga Sakkwato ba sunan shagonka zai rubuta ba, "farashin buhun shinkafa a Kebbi" zai rubuta. To, wannan maganar ta fito a kanun shafin da layin farko, tare da nauyin buhu, kilo 25 ko 50, da farashin yau. Amma kada ka yi ta cusa ta ko'ina, Google na gane wannan dabarar.

Hotunan buhunan da ka ɗauka, a rage musu nauyi don shafin ya riƙa buɗewa da sauri. Yadda shafi ke buɗewa a waya shi Google ke dubawa, kuma mutumin Argungu mai data kaɗan ba zai tsaya jira ba.

Ka sa shagon a Google Business Profile, wato inda ake rajistar shago don ya fito a taswirar Google, da adireshi da lokacin buɗewa. Wanda ya yi maka alkawarin matsayi na ɗaya a binciken Google cikin mako guda, riƙe kuɗinka, abin kan ɗauki watanni.