Tambaya da Amsa: Wa Ake Fara Yi wa Rigakafi Idan Annoba Ta Ɓarke, Kuma Wace Allura Ya Kamata a Karɓa?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan sun karkata ne ga batun rigakafi a lokacin annoba. Mafi yawan masu rubutowa sun ɗauko misalinsu daga annobar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris 2020, ta kuma ɗage dokar ta-ɓacinta ranar 5 ga Mayu 2023. Na zaɓi huɗu daga ciki, domin abin da aka koya a wancan lokaci zai yi amfani duk ranar da wata annobar ta sake kunno kai.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne mai shekara 34, kuma kullum ina cikin cunkoson jama'a saboda neman abin da zan ciyar da iyali. Lokacin da aka fara rigakafin korona na je wurin da ake yi, aka ce layi bai zo kaina ba, alhali mahaifina da ba ya fita ko'ina an yi masa. Har yau abin yana damuna. Da wane ma'auni ake raba wannan layi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Damuwarka tana da dalili, domin a ido wanda yake yawo cikin mutane shi ne ya fi kusa da kamuwa. Sai dai a farkon kowace annoba alluran da ake da su ba sa kai yawan masu buƙata, saboda haka dole hukumomi su yanke shawara kan abin da suke son fara karewa, kuma abin da kusan kowace ƙasa ta zaɓa shi ne rage mace-mace da hana asibitoci durƙushewa. Da zarar an sa wannan a gaba, tambayar da ake yi ita ce: idan cutar ta kama mutum, wa ta fi yiwuwar kashewa? A korona amsar ta fito fili tun watannin farko, cewa shekaru su ne babban abin da ke ƙara haɗari. Matashi irinka zai iya kamuwa ya yi zazzaɓi da tari na 'yan kwanaki ya miƙe, amma dattijo irin mahaifinka, ko da a ɗaki yake zaune, idan kai ko wani jikansa ya kawo masa cutar, yana iya ƙarewa a gadon asibiti ana ba shi iskar numfashi.

Wannan ne ya sa kwamitin ƙwararru da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara kan rigakafi ya sa ma'aikatan lafiya da tsofaffi a sahun gaba, sannan masu fama da cututtuka irin su ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da na huhu, kafin a zo kan sauran jama'a. Ma'aikatan lafiya suna da dalili biyu: su ne suka fi cuɗanya da marasa lafiya, kuma idan suka kwanta babu mai duba kowa, har da masu haihuwa da waɗanda suka yi haɗari. Ko a Birtaniya, inda aka fara amfani da allurar Pfizer ga jama'a ranar 8 ga Disamba 2020, wata tsohuwa mai shekara 90 aka fara yi wa.

Akwai abin da nake so ka riƙe, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa tsofaffi ne kullum a gaba. Tsarin layin yana bin halin cutar ne. Annobar mura ta 1918 ta yi wa matasa majiya ƙarfi mummunar ɓarna, kuma a murar 2009 mata masu juna biyu da yara da matasa suna cikin waɗanda aka fara yi wa allura a ƙasashe da dama. Saboda haka idan wata annoba ta zo, ba mamaki ka tarar kai ne a gaba, mahaifinka a baya.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai wani rashin adalci da ya auku a rabon, amma tsakanin ƙasashe ne. Ƙasashe masu arziki sun saye mafi yawan alluran tun kafin a gama haɗa su, yayin da shirin COVAX, wanda aka kafa domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu rabonsu, bai kai kayansa na farko ba sai ranar 24 ga Fabrairu 2021, lokacin da allurai 600,000 suka sauka a Ghana. An kai wani lokaci da matasa masu ƙoshin lafiya a wasu ƙasashe suke karɓar allura ta uku, ma'aikatan jinya a wasu ƙasashen kuwa ko ta farko ba su gani ba. A ganina wannan shi ne abin da ya cancanci a yi ƙorafi a kansa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na ji an ce wata allurar tana kariya kashi 95 cikin 100, wata kuma kashi 66 kawai. Idan an ba ni mai ƙarancin ƙarfi, ba gara in jira mai kyaun ba? Kuma mene ne bambancinsu?

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa. Bari in fara da bambancin, domin shi ne zai sauƙaƙa sauran bayanin. Duk wata allurar rigakafi aikinta ɗaya ne, wato ta nuna wa garkuwar jiki kamannin ƙwayar cutar tun kafin ta zo, yadda idan ta shigo jiki zai gane ta nan take ya far mata. Hanyar nunawar ce ta bambanta. Alluran Pfizer da Moderna suna ɗauke da wani saƙo da ake kira mRNA, wanda yake sa jiki ya ƙera ɗan ɓangaren ƙwayar cutar, wato ƙayar da ke bayanta, na ɗan lokaci, sannan saƙon ya narke. Na AstraZeneca da Johnson & Johnson da Sputnik V suna amfani da wata ƙwayar cuta ta daban da aka hana ta hayayyafa, ita take kai saƙon. Na Sinopharm da Sinovac sun bi tsohuwar hanya, inda ake kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a yi allura da ita, Novavax kuwa furotin ɗin ƙayar kansa ake haɗawa a ba mutum. Babu ɗaya daga cikinsu da ke iya sa wa mutum korona.

Game da alƙaluman da kika ji, ana yawan yi musu mummunar fahimta. Kashi 95 ba ya nufin mutum biyar cikin kowane ɗari da aka yi wa za su kamu. A gwajin Pfizer, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 40,000, an raba mutanen gida biyu, aka yi wa rabi allurar gaskiya, rabi kuma ruwan gishiri. Daga cikin mutum 170 da suka kamu da cutar, 162 suna cikin waɗanda aka yi wa ruwan gishiri, 8 kawai suna cikin waɗanda suka samu allurar, kuma daga wannan tazara aka fitar da kashi 95. Gwajin Johnson & Johnson da ya ba da kashi 66 an yi shi ne daga baya, a wurare irin su Afirka ta Kudu da Barazil, a daidai lokacin da sababbin nau'o'in cutar suke yaɗuwa, kuma duk da haka ya nuna kariya ta kusan kashi 85 daga cuta mai tsanani. Tunda ba a lokaci ɗaya ba ne, ba kuma a wuri ɗaya aka yi gwaje-gwajen ba, jera alƙaluman a kwatanta su kai tsaye yana iya ɓatar da mutum.

Shawarata ita ce, muddin cuta tana yaɗuwa kuma allurar da ke gabanki ta samu amincewar hukumar kula da magunguna ta ƙasarki ko ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ki karɓa. Watannin da za ki yi kina jira watanni ne da za ki zauna ba kariya. Sau da yawa ma abin da ke kawo wata allura wani wuri bai shafi inganci ba: a farko allurar Pfizer tana buƙatar sanyin da ya kai kusan digiri 70 ƙasa da sifili, alhali ta AstraZeneca firjin asibiti na yau da kullum ya ishe ta, don haka ita ce ta fi saurin isa wuraren da lantarki ba ya zama.

Akwai inda zaɓi yake da muhimmanci, kuma bai kamata a rufe shi ba. A 2021 an gano cewa alluran AstraZeneca da Johnson & Johnson suna iya haddasa wani nau'in daskarewar jini da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ya fi bayyana ga masu ƙarancin shekaru, har Birtaniya ta fara ba 'yan ƙasa da shekara 30 wata allurar daban a watan Afrilu, ta faɗaɗa zuwa 'yan ƙasa da 40 a watan Mayu. Haka kuma an ga kumburin tsokar zuciya ga wasu samari ƙalilan bayan allurar mRNA, musamman ta biyu, wanda yawancinsu suka warke. Idan hukuma ta ware wata allura ga wani rukuni saboda irin wannan dalili, sai a bi. Wanda ya fara da wani nau'i kuma bai samu irinsa ba a karo na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince tun ƙarshen 2021 cewa ana iya cikasawa da wani.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da cikin wata biyar, kuma ina da ciwon suga. Wasu sun ce mai ciki ba ta karɓar kowace irin rigakafi, wasu kuma sun ce ciwon nawa ma kaɗai ya isa ya hana ni. Ina gaskiyar take?

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya 'yar'uwa. Abubuwa biyun da aka ce za su hana ki, su ne ma suke sa ki shiga sahun gaba. Juna biyu yana sauya yadda garkuwar jiki take aiki, yana kuma matse huhu yayin da ciki ke girma, shi ya sa korona ta fi tsananta ga masu ciki, tana kuma ƙara yiwuwar haihuwa kafin lokaci. Ciwon suga shi ma yana cikin cututtukan da suka fi sa korona ta yi muni. A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a watan Maris 2023, masu juna biyu suna rukunin da aka fi ba muhimmanci, tare da tsofaffi, masu cututtuka masu tsanani, masu raunin garkuwar jiki da ma'aikatan lafiya.

Maganar da kika ji tana da tushe, sai dai an faɗaɗa ta fiye da iyakarta. Alluran da ake kauce wa yi wa mai ciki su ne waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar ta ƙyanda. Alluran korona da na lissafa a sama ba irinsu ba ne, kuma ke kanki kin san ana yi wa masu ciki allurar sandarewar wuya, wato tetanus, a wurin awo tun shekaru masu yawa. Gaskiya ne ba a sa masu ciki cikin gwaje-gwajen farko ba, wannan ne ya jawo taka-tsantsan a farkon 2021, amma bayan haka an bibiyi mata masu yawa da suka karɓa, ba a ga ƙaruwar ɓari ba. Mai shayarwa ma tana iya karɓa ba tare da ta dakatar da nono ba.

Waɗanda aka hana da gaske 'yan kaɗan ne: wanda jikinsa ya taɓa yin mummunan bori, har numfashi ya sarƙe ko fuska ta kumbura, bayan allurar farko ko saboda wani sinadarin da ke cikinta. Don irin wannan ne ake zaunar da mutum kamar minti 15 bayan allura. Mai zazzaɓi mai zafi kuwa ɗagawa ake yi har ya warke. Ki tafi da katin awonki, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya duk magungunan da kike sha.

Tambaya: Malam Likita, na kamu da korona na warke. Ina buƙatar allura kuma? Yarana fa, me ya sa aka daɗe ba a yi musu ba?

Amsa: Warkewa tana barin kariya a jiki, amma ƙarfinta yana bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma tana raguwa da tafiyar lokaci, musamman idan ƙwayar cutar ta sauya kama kamar yadda aka gani da nau'o'in korona da ake kira Delta da Omicron a 2021. Shi ya sa aka shawarci waɗanda suka warke su ma su karɓa, bayan sun gama murmurewa.

Yara kuwa dalili biyu ne ya sa suka zo a ƙarshe. Na farko, korona ba ta cika yi musu tsanani ba idan aka kwatanta da manya. Na biyu, ba a ɗaukar sakamakon gwajin manya a ɗora wa yara, sai an yi nasu gwajin an gano adadin da ya dace da jikinsu. A Amurka an amince da allurar Pfizer ga 'yan shekara 12 zuwa 15 a watan Mayu 2021, ga 'yan 5 zuwa 11 a watan Oktoba na shekarar, da kashi ɗaya cikin uku na adadin da ake ba babba, sannan ga jarirai daga wata shida a watan Yuni 2022. A tsarin 2023 yara masu ƙoshin lafiya suna rukunin ƙarshe, an kuma bar wa kowace ƙasa ta yanke hukunci gwargwadon halin da take ciki, amma yaron da ke da raunin garkuwar jiki ko wata cuta mai tsanani lissafinsa daban ne, sai a kai shi likita ya duba. Roƙona gare ka shi ne ka duba katin rigakafin yaranka na yau da kullum, domin a shekarun annobar miliyoyin yara a duniya sun rasa allurar ƙyanda da ta shan inna da ta maƙarau, kuma duk wanda ya tsallake wata allura ana iya cike masa ita ko da lokacinta ya wuce.