Tambaya da Amsa: Da Tattalin Arzikin Ayilan Ya Karye, Ina 'Ya'yanta Suka Samu Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, a Daura nake. Ɗana na fari ya yi babbar difloma a fannin gine-gine a Katsina, ya gama bautar ƙasa, har yau sai bin 'yan kwangila, yau a biya shi, gobe a ce ya yi haƙuri. Yanzu ya matsa mini in yarda a sayar da gonar da mahaifinsu ya bari, wai akwai ejan da zai fitar da shi waje. Ya ce ko Turawan Ayilan da ƙasarsu ta shiga matsi ficewa suka yi, suka samu aiki a ƙasashen mutane. Malam, gaskiya ne? Ƙannensa huɗu ne, kuma da gonar nan muke ci.
Wata mai karatu, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan maigidan, Ya raya abin da ya bari. Yaron bai yi miki ƙarya ba, amma akwai abin da bai gaya miki ba, kuma wannan ɗin ne ya shafi gonar.

Ayilan (Ireland) ƙaramar ƙasa ce a Turai, maƙwabciyar Birtaniya, a wancan lokacin mutanenta ba su kai miliyan 5 ba, wato ba su kai jama'ar Jihar Katsina ba. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa 2007 kuɗi ya yawaita, bankuna suka saki hannu wajen ba da bashin gida, kowa ya dira kan gini. A 2008 farashin gidaje ya rushe. A ƙarshen Satumban shekarar gwamnati ta tsaya wa bankunan, bashinsu ya dawo wuyan jama'a, har a Nuwamban 2010 aka ƙulla shirin ceto na Yuro biliyan 85 da Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Marasa aikin yi suka tashi daga kusan kashi 5 cikin 100 zuwa kusan kashi 15 a 2012. 'Yan sana'ar ɗanki aka fi bugawa: masu aikin gini da suka kai kusan 270,000 a 2007 sun koma wajen 100,000. Rukunin gidaje suka tsaya kangaye, wasu ko rufi babu. Da abin ya tsananta, sama da mutum 80,000 ke barin ƙasar a shekara, fiye da rabinsu 'yan asalinta.

Abin da nake so ki riƙe, Hajiya, shi ne ta wace ƙofa suka fita. Ɗan Ayilan ba ya neman biza zuwa Birtaniya, akwai tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga tsakanin ƙasashen tun shekarun 1920. Ya hau jirgi daga Dublin, babban birninsu, da safe, kafin azahar yana Landan, kuma doka ta ba shi damar kama aiki. Haka ma ƙasashen Tarayyar Turai. A lokacin Ostireliya tana ba matasansu 'yan shekara 18 zuwa 30 bizar aiki ta shekara ɗaya, wanda ya yi kwana 88 yana aikin gona a karkara a ƙara masa shekara. Sun kuma yi dace da lokaci: Sin tana sayen ƙarfen Ostireliya ba ƙaƙƙautawa, wuraren haƙar ma'adinai na yammacin ƙasar suna neman masu walda da direbobin manyan injuna, aka cika birnin Perth. Kanada ta ɗaga guraben bizar aiki ta matasansu har 10,700 a 2014. A watan Maris na 2012 shugaban lardin Saskatchewan a Kanada na lokacin, Brad Wall, da kansa ya jagoranci kamfanoni zuwa Dublin neman ma'aikata, mutane suka yi dogon layi riƙe da takardunsu. Girgizar ƙasar da ta rushe Christchurch a Niyu Zilan a Fabrairun 2011 ta sa aka nemi birkiloli da kafintoci. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya kuwa suka nufi Dubai da Abu Dhabi.

Ga kuma jama'a. Tun yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya ta kori wasu miliyan ɗaya, mutanen nan suke fita. Suna da dangi a Boston da Liverpool da Sydney, da ƙungiyoyin wasannin gargajiyarsu, inda sabon zuwa ke jin labarin ɗaki da aiki. Yadda Bahaushe ke sauka a Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi ya tarar da mai masauki, haka nasu yake.

Duk da haka ba kowa ya ji daɗi ba. Mai sana'ar hannu mai takardar shaida ya samu, nas da injiniya sun samu. Amma da yawa masu digiri sun ƙare a hidimar gidajen abinci ko tsinkar 'ya'yan itace don kawai a sabunta musu biza. Magidanta masu bashin gida sun bar mata da yara suna aiko da kuɗi. Waɗanda suka zarce wa'adin bizarsu a Amurka sun zauna a ɓoye, uwa ko uba ya rasu ba halin zuwa jana'iza, don in sun fita ba komawa. Da farashin ƙarfe ya sauka, man fetur ma ya faɗi a 2014, aka sallami da dama a Ostireliya da lardin Alberta na Kanada. Wani bincike na jami'ar Cork ta Ayilan a 2013 ya gano kusan rabin waɗanda suka fita suna da cikakken aiki a gida kafin su tafi. Ba hannu wofi suka tashi ba.

Ɗanki fasfon Najeriya ne da shi, kuma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake ba wa waccan bizar matasa ta Ostireliya ko ta Kanada. Don haka ki sa shi ya kawo ejan ɗin gaban baffansa a yi masa tambayoyi. Wace ƙasa? Wace irin biza? Mene ne sunan kamfanin, ina takardar ɗaukar aiki mai albashi a rubuce? Bizar ziyara ba ta halatta aiki ba. In kuma aka ji maganar mota ta Agadas zuwa Libiya, a tashi taron nan take. Mu mutanen iyaka mun san gidajen da har yau ake jiran labarin 'ya'yansu.

Ban ce ya cire rai da fita ba. Ya je ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ya karɓi takarda. Duk ginin da ya tsaya a kai ya nemi ɗan kwangilar ya rubuta masa shaida, da kwanan wata da irin aikin, ya ajiye hotuna. Ya zauna jarrabawar Turanci ta IELTS. Ita kanta Ayilan yanzu tana ba 'yan waje izinin aiki a fannonin da take da ƙaranci, har da wasu na gini, amma sai kamfani ya fara ɗaukar mutum. Kuɗin waɗannan ana iya tara su daga amfanin gona a hankali.

Gonar kuwa ra'ayina kada a sayar. Gado ce, ke kina da rabonki, ƙannensa marayu suna da nasu. In ya nace, malami ya raba, ya san iya nasa. Ki yi masa magana da laushi, Hajiya, zaman banza ne ya ishe shi.

TAMBAYA: Malam, waɗanda suka bar Ayilan sun koma gida kuwa?
Wani ɗalibi, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wasu sun koma, ƙanena. Ƙasar ta fita daga shirin ceton a Disamban 2013, ayyuka suka farfaɗo, bayan 'yan shekaru masu shigowa suka fi masu fita yawa. Sai dai ginin da aka daina shekaru ya jawo ƙarancin gidaje, masu dawowa suka tarar hayar Dublin ta yi tsadar da ta cinye albashi. Wasu sun yi aure a Perth ko Toronto, yaransu sun shiga makaranta, sun karɓi takardar zama 'yan ƙasa. A ƙauyukan yammacin Ayilan sai da wasu ƙungiyoyin ƙwallo suka haɗe da na maƙwabta saboda samari sun yi ƙaranci.