Yadda za a kwance notin famfo da ya cije

Wani lokaci notin da ke riƙe da famfo a ƙarƙashin sinki yakan ƙi motsi idan an zo kwance shi. Yawanci tsatsa ce ko gishirin ruwa da ya daskare a cikin zaren ƙarfen.

Da farko ka rufe ruwa, ka buɗe famfon ya tsiyaye. Ka goge wurin da burushin waya, ka fesa man kwance tsatsa irin su WD-40, ka bar shi kamar minti 15 ya ratsa. Idan farin gishiri ka gani, tsumman da aka jiƙa da ruwan khal ya fi aiki. Sannan ka nemi sifana mai dogon hannu wadda aka ƙera domin wannan lungu, ka ɗan ƙara ɗaure notin kaɗan, domin hakan kan fasa tsatsar, kafin ka juya shi hagu a hankali.

Kuskuren da na fi gani shi ne amfani da filaya da ƙarfin tsiya, wanda ke cinye kusurwoyin notin. Kada ka kusanto da wuta idan notin na roba ne. Idan bututu ya fara murɗewa ko sinkin ya tsage, ka dakata ka kira mai gyaran famfo.