Bishiyar Kirsimeti a falo da haɗarin gobara

Tambaya: Bana ne Kirsimetina na farko a Amurka, kuma maigida ya sayo ɗanyar bishiya ya kafa a falo. Mu a Jos ta roba muka sani. Maƙwabciyata ta ce irin wannan tana haddasa gobara. Da gaske ne?

Amsa: Da gaske ne, 'yar'uwa, sai dai haɗarin na ga wadda ta bushe. Bishiyar da ke shan ruwa kullum da ƙyar take kamawa. Busasshiya kuwa, ganyenta sirara ne masu ƙaro, kuma gwaje-gwajen NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, sun nuna tana iya cika ɗaki da wuta cikin ƙasa da minti ɗaya. A Janairun 2015, a Annapolis ta jihar Maryland, matsalar lantarki ta kunna wata da ta daɗe a tsaye, mutum 6 suka rasu.

Don haka ki riƙe zancen ruwa da kyau. Da an sare bishiya, ƙaro kan toshe bakin saran cikin sa'o'i, ta daina sha. Idan ba a riga an yi sabon sara ba, a datse kamar inci 2 daga gindin kafin a tsayar da ita. Ki duba mazubin ruwan da aka tsayar da ita a ciki safe da yamma, musamman makon farko da take sha sosai. Ruwa ya sauka ƙasa da gindin, bakin ya sake toshewa, ko kin cika daga baya ba lalle ta sha ba. Ki riƙa shafa reshe da hannu. Idan ganye na zuba, ta fara bushewa.

Ki nisanta ta da hita da murhun ɗumama ɗaki aƙalla mita ɗaya, kuma kada ta tare ƙofa. Fitilun ado su kasance masu tambarin UL, wato shaidar an gwada ingancinsu, na LED sun fi, don ba sa zafi sosai. Wayar da ta zare a yar da ita, kada a naɗe ta da salatif kamar yadda muka saba a gida. A kashe su kafin barci ko fita. Kyandir kam babu shi. Ashana da laita a ɓoye wa yara: yaro ne da laita ya kunna bishiyar da ta yi sanadin mutuwar mutum 12 a Filadelfiya a Janairun 2022. Ki kuma gwada na'urar gano hayaƙi yau.

Da biki ya wuce a fitar da ita waje, ba gareji ba. Yawancin birane suna da ranakun kwashe su a Janairu.