Lokacin da ya fi dacewa a je gandun dajin W

Malam, ka tambayi watan da ya fi kyau a tashi daga Yamai zuwa gandun W, wato gandun namun daji da ke kudu maso yammacin Nijar. Ni dai Janairu zuwa Maris nake so. Lokacin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, giwaye da ɓauna sai sun gangaro kogin Tapoa su sha, kana ganin ƙurar da suke tayarwa tun daga nesa. Da damina kuwa taɓo ne, ciyawa ta rufe komai.

Ka riƙe rigar sanyi, ɗarin asuba yana shiga ƙashi, da rawani saboda hunturu. Ruwan sha ka ɗauka da yawa.

Amma don Allah kafin ka kama hanya, ka tambayi jami'an gandun daji halin tsaro, domin 'yan bindiga sun addabi yankin a shekarun nan.