Kuɗin hayaƙin jirgin ruwa: damfara ce ko gaskiya?

Tambaya: Ina shigo da motocin Beljiyam daga tashar Antwerp zuwa Tin Can a Legas, in kawo su Kano. Ejan ɗina ya ƙara mini wani caji, wai kuɗin hayaƙi. Cuta ta yake yi? In gaskiya ne, aljihun wa kuɗin ke shiga? Ko in koma sayayya a Dubai? Daga wani dillalin motoci.

Amsa: Alhaji, cajin dai akwai shi. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ta wajabta wa manyan jiragen ruwa biyan kuɗin hayaƙin da suke fitarwa. Jirgin da ya taso daga Antwerp zuwa Legas rabin hayaƙin tafiyar ake lissafa masa. An fara da biyan kashi 40 cikin ɗari, aka koma 70 a 2025, daga 2026 kuma cif-cif. Kamfanonin jiragen ba sa haɗiye wannan asara, kan mai kaya suke juye ta. Amma kasancewar cajin gaskiya ba ya wanke ejan. Ka ce ya turo maka takardar kamfanin jirgin da kanta, ba wadda ya buga a ofishinsa ba. Cajin yakan zo a layinsa daban, sai ka gwada da abin da ya karɓa. In ya fara kame-kame, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Batun inda kuɗin ke zuwa ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na Turai a Turai yake zama: gwamnatocinsu su kashe kan ayyukan sauyin yanayi, wani kason kuma ya tafi gwajin sabon man jirgi irin su methanol da ammoniya. Kai ka biya, amma tashar Legas ko sisi.

Shi ya sa idon ƙasashe masu tasowa ke kan IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen ruwa, da ke Landan. A Afrilun 2025 aka amince da daftarin tsari na duniya baki ɗaya: jirgin da hayaƙinsa ya zarce ƙa'ida zai biya dala 100 ko 380 kan kowane tan na hayaƙin da ya wuce ƙa'idar, a tara a asusu guda. Daga ciki za a saka wa jiragen da suka koma mai mai tsafta, a horar da ma'aikatan jirgi, a kuma tallafa wa ƙasashen da tsadar dako za ta iya taɓa musu farashin abinci. Sai dai a Oktoban 2025 aka ɗage tabbatar da shi da shekara guda, bayan Amurka da Saudiyya sun ja daga.

Zancen Dubai kuwa, kada wannan cajin ya sa ka bar kasuwar da ka sani. Bai kai ko kusa da abin da kwastan da canjin dala ke ci a mota ɗaya ba. Lissafa kuɗin mota tun daga can har ƙofar shagonka ta hanyoyin biyu, sannan ka yanke.