Za ka Ogasawara? Fara tambayar tutar jirgin

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Shekara 3 ke nan ina aiki a wani kamfanin kayan gyaran mota a Saitama, ƙasar Japan. Abokan aiki na shirin yawon jirgin ruwa zuwa tsibiran Ogasawara, sun ce in biyo su. Katin zamana saura wata 4 ya ƙare, fasfona na Najeriya ne. Tafiyar za ta taɓa takarduna?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Ina so ka je, amma sai ka san wane jirgi za ka hau.

Ogasawara na da nisan kilomita kusan 1,000 kudu da Tokyo, kuma a mulki ƙarƙashin Tokyo take. Babu filin jirgin saman fasinja. Jirgin da aka saba bi shi ne Ogasawara Maru, yana tashi daga tashar Takeshiba da ke Tokyo, ya yi awa 24 a teku kafin ya isa Chichijima, ɗaya daga cikin tsibiran. In shi ne, ba ka fita Japan ba, babu ruwanka da jami'an shige da fice. Katin zamanka dai ya kasance a aljihu, doka ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne manyan jiragen yawon shaƙatawa masu tutar wata ƙasa. Dokar Japan ba ta yarda su yi jigila tsakanin tashoshinta kaɗai ba, dole su yada zango a waje, kamar Busan ta Koriya ta Kudu ko Keelung ta Taiwan. Hawa irin wannan fita ƙasa ne. A fom ɗin fita sai ka yi alama a gurbin izinin dawowa na musamman, wanda suke kira minashi sainyukoku. In ka fita ba tare da shi ba, izinin zamanka ya faɗi ke nan. Ga kuma biza: abokanka 'yan Japan za su wuce salin-alin, kai mai koren fasfo za a nemi taka, kuma ana iya hana ka hawa ko ka ce ba za ka sauka ba. Ka sa kamfanin ya ba ka amsa a rubuce kafin ka biya ko yen ɗaya.

Sabunta kati ana fara karɓa saura wata 3. Ka je ka dawo kafin lokacin, kada guguwar teku ta riƙe jirgi kana ƙirga kwanaki. Zuwa da dawowa a Ogasawara Maru kan ci kwana 6, don haka ka nemi hutunka a rubuce tun yanzu.

Ka yi guzurin abincin da ka yarda da shi, don a can har naman kunkurun teku ake ci. In tafiyar ta faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, kana iya ganin manyan kifayen nan da ake kira wel suna tsalle kusa da gaɓa.

Sai Hajiya. A tsakiyar teku waya ba ta kamawa. Ka kira ta tun kana Takeshiba, ka faɗa mata ranar da za ta sake jin muryarka, ka roƙi addu'arta.